Fim ɗin Tsoro Kashi na Biyu: Alamar Amurka ko ta Birtaniya?

A Amurka, idan kashi na biyu na fim ɗin dodo ya sami alamar R, wato alamar da ke iyakance shekarun masu kallo, ɗan ƙasa da shekara 17 zai shiga sinima muddin yana tare da mahaifi ko babban da ke kula da shi. A Birtaniya kuwa, hukumar tantance fina-finai ta BBFC in ta buga alamar shekara 15 ko 18, magana ta ƙare. Mai duba tikiti zai mayar da yaron da bai kai shekarun ba ko da uban na riƙe da hannunsa.

Ni dai na fi yarda da tsarin Birtaniya. Kashi na biyu yakan ƙara jini da yanke-yanke don ya zarce na farko, kowane kashi kuma alamarsa daban, amma iyaye da yawa da na baya suke auna sabon.