VPS ko AWS Lambda: A Ina Za a Ɗora Manhajar Node.js?

Masu rubuta manhaja da Node.js (dandalin gudanar da manhajojin da aka rubuta da yaren JavaScript) suna yawan tambaya ko su kama hayar VPS (sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhaja a intanet, wadda mai haya ke sarrafa ta da kansa) ko su dogara da AWS Lambda (hidimar kamfanin Amazon da ke gudanar da manhaja ba tare da mai manhajar ya kula da sabar ba). Kuɗin VPS tsayayye ne duk wata, sai dai mai ita ne zai girka Nginx (mai karɓar buƙatun masu ziyara) da PM2 (mai kula da ci gaba da aikin manhajar), ya riƙa toshe kafofin tsaro, kuma idan sabar ta tsaya da tsakar dare, shi zai tashi. Lambda kuwa gwargwadon amfani ake biya, tana faɗaɗa da kanta idan masu ziyara sun ƙaru, amma takan yi nauyin tashi bayan dogon shiru, kuma aiki ɗaya ba ya wuce minti 15. Manhajar da ke riƙe haɗin WebSocket (haɗin da ke zama a buɗe tsakanin mai ziyara da sabar) ta fi dacewa da VPS, wadda masu ziyararta ke zuwa jefi-jefi kuwa Lambda ta wadatar da ita.