Kafasita kaɗai ko 555: wanne zai danna maka koren maɓalli idan wuta ta dawo?

Malam, sannu da ƙoƙari. Ka ce kana da injin jan ruwa a lambu a bayan garin Kasala, akwatinsa mai maɓalli biyu ne, kore da ja. Da an ɗauke wuta kontakta, wato makunnin maganaɗisu da ke ba injin wuta, sai ta saki, ko an dawo da ita tsakar dare injin ba ya tashi sai wani ya taka ya je ya danna koren. Kana son ɗan rile, wato ƙaramin makunnin da lantarki ke kunnawa, da zai kama na kamar daƙiƙa ɗaya da shigowar wuta, ya saki, ya yi shiru. Wani ya ce maka kafasita ɗaya, ƴar ma'ajiyar caji, ta isa, wani ya ce sai 555, ɗan guntun na'urar nan mai ƙidayar lokaci. Duka biyun na taɓa haɗa su a shagona.

Da farko, ka kyauta da ba ka sa waya ka gama bakin koren ba, yadda wasu ke yi. Idan ka yi haka jan maɓalli ya zama ado: kana ɗauke yatsa injin zai sake tashi.

Ta kafasita ita ce ta mai sauri. Ka samu adafta mai volt 12, ka jera kafasita mai maikrofarad 1000 da naɗin rile, wato wayar da aka nannaɗe a cikinsa, a layi ɗaya. Wuta na shigowa kafasitar tana wofi, sai ta bar lantarki ya wuce, rile ya ce ƙas. Tana cika lantarkin yana raguwa har rile ya saki. Ƙananan rile masu volt 12, irin shuɗɗan nan masu ƙafa biyar, naɗinsu kusan om 400 ne, suna jan miliamfa 30. Da wannan kafasitar za ka samu tsakanin rabin daƙiƙa da daƙiƙa ɗaya. Ba zan iya yanke maka takamaimai ba, domin rilen ne ke yanke lokacin, ba kai ba: takardarsa ta yi alkawarin zai kama a volt 9, amma sakinsa, wani a volt 3, wani sai ya gangaro kusan 1.2. Ga shi ita kafasitar kanta tana iya kauce wa abin da aka rubuta a jikinta da kashi 20 cikin ɗari.

Wannan duk mai sauƙi ne. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan ta cika. Cikakkiyar kafasita ba ta barin komai ya wuce, sai ta zubar da cajinta kafin ta sake aiki. Ana ɗaura mata razista, mai rage gudun lantarki, a gefe don haka, amma ba a isa a sa ƙarama ba, in ba haka ba rile ya riƙe ya ƙi saki. Da razista 4.7k, wato om 4,700, sai ka jira aƙalla daƙiƙa shida, cikakken hutu kuwa kusan goma sha biyar. To ka san halin kahrabarmu: ta yi ƙyaf ta tafi, kafin ka ce me ta dawo. Kontakta ta riga ta faɗi, kafasita kuwa cikinta fal. Haka ta faru da wanda na haɗa wa wani maƙwabcinmu. A kan tebur sau goma na gwada, sau goma ya kama, ashe don ina tsayawa hira tsakanin gwaji da gwaji ne. Kwana uku ya dawo min da shi a leda, tankinsa ƙaf babu ruwa.

Shi 555 tsoho ne mai ran ƙarfe. Hans Camenzind ya ƙirƙiro shi, kamfanin Signetics ya fitar da shi kasuwa a 1972, har yau ana buga shi. Ƙafa takwas gare shi, yana aiki daga volt 4.5 zuwa 16. Ga haɗin da ya fi sauƙi: ƙafa ta 1 zuwa ƙasa, wato wayar nagatif ta adafta, ta 4 da ta 8 zuwa volt 12. Ka gama ta 2 da ta 6 wuri ɗaya, daga nan razista 100k ta hau zuwa volt 12, kafasita mai maikrofarad 10 ta sauka ƙasa. Rile yana tsakanin ƙafa ta 3 da ƙasa. Wuta na zuwa ƙafa ta 3 ta ɗaga, ta riƙe har kafasita ta kai kashi biyu cikin uku na wutar, sannan ta faɗi ta zauna. Lokacin shi ne 1.1 sau razista sau kafasita, wato daƙiƙa 1.1 a nan. Kana son biyu da ɗoriya, ka sa 220k. Ka canja rile, lokaci bai motsa ba.

Diyod biyu, masu barin lantarki ya bi gefe ɗaya kawai, kada ka manta da su, 1N4007 ta wadatar. Ɗaya a gicciye kan naɗin rile, zobenta yana kallon ƙafa ta 3, don ta shanye harbin da naɗi ke yi idan an yanke masa wuta. Ɗayar a gefen razista 100k, zobenta yana kallon volt 12, ita ce ƙofar da kafasita ke bi ta zube da zarar wuta ta tafi. Cajin da za a zubar a nan kashi ɗaya ne cikin ɗari na wancan, shi ya sa yake shirya kansa nan take.

Sai dai akwai ɓarawon da ke cin su duka biyun, adaftar kanta. Zare ta daga bango ka kalli ƴar fitilarta, za ka ga ta ɗauki lokaci tana dushewa kafin ta mutu. A tsawon wannan lokacin 555 bai ma san an ɗauke wuta ba. Ka ɗaura razista om 470 mai wat ɗaya a bakin adaftar ta riƙa tsotse ragowar. Za ta yi ɗumi, ba komai.

Ni dai 555 zan sa maka. Kafasita kaɗai ta dace da inda mutum ne ke kunnawa da hannu sau ɗaya a yini, ba inda wuta ke wasan ɓuya ba. Bambancin kuɗin bai kai na shayi da zalabiya ba. Ka nemi kafasita mai 105°C a jiki, ba mai 85 ba, domin akwatin ƙarfe a ranar Kasala cikin watan Mayu tanda ne.

Wajen ɗaurawa, bakin rilen da ke buɗe shi za ka gama da wayoyi biyu na koren maɓalli, bayan ka kashe babban makunni. Duba abin da aka rubuta a naɗin kontakta: 220 ko 230 babu laifi, amma 380 ya fi ƙarfin ɗan rilen nan, iyakarsa 250. Injin ruwa kaɗai nake nufi da wannan magana, ban da injin niƙa ko na yankan katako, waɗanda da gangan aka yi su kada su tashi da kansu. Kuma ka gaya min ko rijiyar taka tana ja da baya da rani, don idan haka ne sai an ƙara makunnin da ke lura da ruwa a layin jan maɓalli, kada injin ya kwana yana juyawa a bushe.