Wasan cike kalmomi na jarida: na Amurka ko na Ingila?

Ɗan'uwa, ka ce kana gama wasan cike kalmomi na New York Times na ranar Litinin ba tare da wahala ba, amma da ka buɗe na jaridar Guardian ta Ingila ka yi rabin awa ko gida ɗaya ba ka cike ba, har ka fara zargin Turancinka. Ka kuma tambaya wanne ya fi. Kwantar da hankalinka, Turancinka lafiya lau yake. Allon ne kawai ya yi kama, amma wasanni biyu ne daban, kamar dara da karta.

Tushensu dai ɗaya ne. Arthur Wynne, haifaffen Liverpool da ya koma Amurka, shi ya buga na farko a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba, 1913. Times ta Landan ta fara nata a 1930. New York Times kuwa ta daɗe tana kallon abin a matsayin ɓata lokaci, sai a 1942 ta sauko.

Fara da duba allon. Na Amurka gida 15 ne a kwance, 15 a tsaye, ranar Lahadi 21, kuma baƙaƙen gidaje kaɗan ne. Ƙa'idarsu ita ce kowane harafi ya shiga kalma biyu, ta kwance da ta tsaye, kuma ba a sa kalmar da ba ta kai harafi uku ba. Shi ya sa ko ba ka san wata amsa ba, maƙwabtanta za su cike maka ita. Na Ingila kamar raga yake, kusan rabin haruffan ba su da abin da ya ratsa su. In ba ka warware tambayar da kanka ba, babu mai taimakonka.

Daɗin na Amurka yana cikin jigo. Daga Litinin zuwa Alhamis, da kuma Lahadi, amsoshi mafiya tsawo suna da wata alaƙa a ɓoye, sau da yawa kuma akwai wata amsa can ƙasa da ke tona asirin. Bari in kwatanta maka da Hausa. A ce dogayen amsoshin su ne BAKIN KASUWA, WUYAN RIGA, ƘAFAR WANDO da KAN TUDU. Ba ka lura da komai ba sai da ka iso ta ƙarshe, ka rubuta SASSAN JIKI. Nan take ka waiwaya sama, ka ga baki, wuya, ƙafa da kai sun jeru tun ɗazu suna kallonka. Wannan waiwayen shi ne ladan wasan. Wahalarsa tana hawa ne bi da bi: Litinin ta 'yan koyo ce, Alhamis ranar dabaru, inda za a iya cusa kalma guda a gida ɗaya, Juma'a da Asabar yawanci babu jigo sai tambayoyi masu tauri. Na Lahadi girma ne da shi, amma taurinsa bai kai na Asabar ba.

Wanda ba na mantawa da shi shi ne na New York Times na ranar zaɓen shugaban ƙasar Amurka tsakanin Bill Clinton da Bob Dole, 5 ga Nuwamba, 1996, wanda Jeremiah Farrell ya tsara, Will Shortz yana edita. Tambayar tsakiya tana neman babban labarin da jaridar gobe za ta ɗauko, wato wanda ya ci zaɓe, alhali ana tsaka da jefa ƙuri'a. Gidajen bakwai ne. CLINTON ya shiga daidai, BOBDOLE ma ya shiga daidai. Kowace tambaya ta tsaye da ta ratsa wurin an ƙulla ta yadda za ta karɓi amsa biyu. Ɗaya tana neman baƙar dabba ta bikin Halloween: ka sa CAT, kyanwa, ta ba ka harafin farko na Clinton, ka sa BAT, jemage, ya ba ka na Bob Dole. Haka har sau bakwai. Duk lokacin da na tuna irin haƙurin da aikin nan ya ci, sai in ji girman mutumin ya ƙaru a idona.

Na Ingila kuwa, kowace tambaya kacici-kacici ce mai zaman kanta. Mu da muka tashi da jin "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya" muna cewa tsintsiya, mun san cewa ba shanu ake nufi ba. To, haka abin yake, sai dai su da haruffa suke wasan. Tambayar kashi biyu ce a haɗe: ma'anar kalmar a farko ko a ƙarshe, sauran kuma umarni ne na yadda za ka gina ta. Lambar da ke ƙarshe tana faɗa maka yawan haruffa. Ga biyu da na ƙulla maka da Hausa.

Abin sha a cikin tukunyar uwa (4). Kada ka tafi neman kunu ko fura. "Abin sha" ita ce ma'ana, "a cikin" kuma tana cewa amsar tana kwance cikin kalmomin da ke gaba. Haɗa ƙarshen tukunyar da uwa: RUWA.

Mahaukacin kare mai zaƙi (4). "Mahaukaci" alama ce cewa a hargitsa haruffa. Hargitsa KARE, ka sami abu mai zaƙi: RAKE.

Ka ga jimlar tana jan hankalinka zuwa wani hoto daban, dabarar ke nan. Abin da ya hana ka cike ko gida ɗaya shi ne kana karanta tambayoyin a matsayin zance, su kuwa lissafi ne sanye da rigar zance. Alherinsu kuma shi ne in ka sami amsa ba ka da shakka, domin hanya biyu ce ta kai ka wuri ɗaya.

Kowanne yana da inda yake gajiyar da mu. Na Amurka cike yake da sunayen 'yan wasan besbol, taurarin talabijin da garuruwan da ba mu taɓa ji ba, ga gajerun kalmomi irin OREO da ERIE da ake ta maimaitawa don kawai suna cike gurbi. Na Ingila shi ma yana da nasa, kalmomin wasan kurket da gajerce-gajercen da sai an haddace. Amma waɗannan ƙalilan ne, wata biyu ko uku sun ishe ka ka saba da su.

Na Ingila ma yakan zo da jigo, musamman a Guardian, inda masu tsarawa ke amfani da laƙabi har masu karatu su san halin kowa. John Graham, wani limamin coci da aka sani da Araucaria, ya shafe fiye da shekara hamsin yana tsara musu. A wasan da jaridar ta buga a Janairun 2013, ya rubuta a sama cewa yana fama da abin da yake amsar tambaya mai lamba kaza, ana kuma kula da shi da abin da yake amsar wata tambayar mai lamba kaza. Sai da mutane suka warware da hannunsu suka gane cewa ciwon daji ne a maƙoshinsa, kuma ba na warkewa ba ne. Ya rasu a Nuwamban shekarar yana da 92.

In don ƙara kalmomin Turanci ne da jin daɗin gama abu a zama ɗaya, ci gaba da na Amurka, ka matsa zuwa Talata da Laraba. Ni dai zuciyata tana ga na Ingila, kuma ina ganin kunnen da ya saba da kacici-kacici da karin magana zai kama shi da wuri. Fara da Quiptic na Guardian, wanda aka yi don masu koyo. Makon farko kada ka damu da warwarewa: buɗe amsoshin, ka ɗauki tambaya ɗaya bayan ɗaya, ka nemo ina ma'anar take, ina kuma umarnin.