Falluja da Ramadi: Hanyoyi Biyu da Amurka Ta Bi a Anbar

Garuruwan nan biyu suna bakin kogin Furat ne, a lardin Anbar na Iraƙi, kuma dukansu sun ba sojojin mamayar Amurka wuya.

A Falluja ƙarfi aka nuna. Bayan an kashe ma'aikata huɗu na Blackwater, wani kamfanin tsaro mai zaman kansa na Amurka, a ƙarshen Maris 2004, aka rataye gawa biyu a kan gada, sojoji suka kai farmaki a Afrilu, suka janye. A Nuwamba suka dawo da jirage da tankoki, suna bi gida-gida suna fasa katanga. Yawancin mazauna garin sun tsere kafin a fara. Da suka dawo, sai baraguzai da masallatai rusassu, shiga garinsu ma sai da katin shaida. Daga baya Amurka ta amsa cewa ta yi amfani da farar fosfaras, sinadarin da ke cin naman mutum har ƙashi. An karɓe garin, amma a ganina wannan ta'asa ba ta da hujja.

Ramadi kuwa, a 2006, Kanar Sean MacFarland na sojojin Amurka ya kafa ƙananan sansanoni a tsakiyar unguwanni, ya nemi shugabannin ƙabilu da kisan da Alƙa'ida ke yi ya ishe su. A Satumba Shehu Abdul Sattar Abu Risha ya haɗa ƙawancen ƙabilu mai suna Sahwa don yaƙar Alƙa'ida, matasan ƙabilu suka shiga aikin ɗan sanda. Su suka san wane ne baƙo a kowane lungu. An zubar da jini a nan ma, amma zuwa 2007 hare-hare sun ragu ƙwarai.

Hanyar Ramadi ta fi, sai dai ba a riƙe amanarta ba. Bam ya kashe Abu Risha a Satumba 2007, gwamnatin Firaministan Iraƙi na lokacin, Nuri al-Maliki, ta yi watsi da 'yan Sahwa, ISIS ta kama Falluja a 2014, Ramadi a 2015.