Karatun yaro a gida: hadda ko sauti?

Wasu iyaye kan nuna wa yaro kalma ɗungurum tare da hoto, ya haddace. Abin yana saurin burgewa, amma rufe hoton ka gani, sai ya koma canki-canki.

Hanyar sauti kuwa daki-daki ce: yau m, gobe a, jibi a haɗa su, har ya ɗora yatsa ya karanto "mama". Tana cin lokaci, yaro kuma kan ƙosa, minti 10 a rana ma sun isa. Ni dai ita na fi so, don ran da ya ci karo da baƙuwar kalma, da kansa zai warware ta. Hadda tana da ranarta a Turanci, inda furucin wasu kalmomi ya saɓa da rubutunsu.