Sharhi Kan Manhajar Khan Academy Kids Bayan Wata Biyar da Ɗana Mai Jinkirin Magana

Ɗana ya cika shekara biyu da rabi kalmomin da ke bakinsa ba su wuce goma sha biyar ba, alhali likitan yara ta shaida mana cewa yaro ɗan shekara biyu kan kai kalmomi kusan 50, har ya fara haɗa biyu wuri guda. Sai da aka gwada kunnensa aka tabbatar yana ji sarai, sannan muka koma neman abin da zai buɗe masa baki, duk da cewa kakarsa na nan a kan bakanta cewa nauyin baki gadon gidansu ne.

Na zaɓi Khan Academy Kids saboda kyauta ce, babu talla a cikinta, kuma ana iya sauke wasu littattafai da wasanni a yi amfani da su ba tare da data ba. An fito da ita a 2018, kuma manhajar koyo ce ta yara 'yan shekara 2 zuwa 8. Abin da ya fi amfanar mu shi ne littattafan hotuna da murya ke karantawa a hankali, domin yaro na iya maimaita shafi guda sau goma ba tare da muryar ta gaji ba, haƙurin da ni uwa ba kullum nake da shi ba.

A makonni uku na farko na yi kuskuren miƙa masa wayar ina harkar girki. Ya ƙware wajen latsa allo, amma ko kalma ɗaya bai ƙara ba. Lamarin ya sauya ne da na fara zama kusa da shi bayan la'asar na minti goma sha biyar, wanda bai kai ko kusa da awa ɗayan kallon allo a rana da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade a 2019 wa 'yan shekara 2 zuwa 4 ba. Da yake manhajar da Turanci take magana, mu kuwa Hausa muke yi a gida, idan hoton kofi ya fito sai in rage muryar, in ce "kofi", in ɗauko na gaske in sa masa a hannu, sannan in yi shiru ina jiransa. Wannan jiran ya fi komai wuya, kuma a cikinsa ne kalmomin suka riƙa fitowa.

Hotunan da ya saba gani a gida, irin su kaza, mota da takalmi, su ya fara kamawa. Dusar ƙanƙara da makamantanta kuwa tsallake su muke yi. Ba don masu jinkirin magana aka ƙera manhajar ba, shi ya sa ba mu daina zuwa asibiti ba. A littafin da nake rubuta sababbin kalmominsa yanzu akwai fiye da sittin, kuma ranar Juma'ar da ta wuce ya ja zanina ya ce, "Mama, ruwa."