Kamu da Ƙwayoyin Ƙara Kuzari: Kwanciya a Cibiyar Jinya ko Jinyar Je-ka-ka-dawo?

Iyaye sun yi ta tambaya: wanda ya kamu da ƙwayoyin ƙara kuzari irin su Adderall da Ritalin, kwantar da shi za a yi, ko ya riƙa zuwa asibiti yana kwana a gida?

Ta fuskar kuɗi, je-ka-ka-dawo ta fi sauƙi, tunda babu kuɗin gado da abinci. A Amurka, a tsarinta mai zurfi, aƙalla awa 9 ake yi a mako, yawanci cikin kwana 3, mutum na ci gaba da karatunsa ko sana'arsa. Kwanciya kan ɗauki kwana 28 zuwa 90, komai ya tsaya cak.

Haɗarin kuwa yana makon farko bayan an daina shan ƙwayar. Barci ya yi yawa, yunwa ta taso, baƙin ciki ya lulluɓe mutum, wani har ya fara tunanin kashe kansa. A gida, lambar dillalin tana nan cikin wayarsa. A cibiya, ana sa masa ido dare da rana.

Amma fa har yanzu babu maganin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da shi don wannan kamu. Abin da ya fi aiki shi ne ba da ɗan tukuici duk lokacin da gwajin fitsari ya fito tsaf, tare da zaman nasiha. A ganina nan je-ka-ka-dawo ta yi zarra, don mutum na koyon cewa a'a a unguwar da ya saba saye.

Wanda yake da natsattsen gida da mai tsaya masa, je-ka-ka-dawo ta dace da shi. Wanda ya fara jin muryoyi, ko yake zargin ana bin sa, ko gidansu ma ana sha, gara a kwantar da shi tukuna.